Na Karanta, Na Yarda

A kamfanin jigilar kayan nan babu wanda ya naɗa shi Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya buga a takarda ya manna a ƙofar ɗakin kwamfutoci, mutane suka yi dariya har suka gaji, daga baya bakinsu ya saba. Kafin nan a sito yake yana jera kwalaye a ƙarƙashin Mai Sito, sai ya je wani kwas na mako shida ya dawo da takardar shaida mai ado a gefe, da wata irin tafiya ta ɗaga kafaɗa. Manaja yayan matarsa ne. Matar ta yi ta zarya gidan yayan nata har ya gaji, ya ba mijin riƙon sashen kwamfuta na wata uku a gwada shi. Sharaɗin kuwa a fili yake: in ya yi abin kirki a tabbatar masa da kujera, in ya yi shirme ya koma jera kwalayensa. Saura kwana huɗu wa'adin ya cika aka kawo sabuwar manhajar buga takardun fitar da kaya, wadda za a ɗora wa kwamfutoci talatin da shida na kamfanin.

Masu manhajar sun haɗo ta da ɗan fayil na bayani, layi huɗu kacal, wanda zai bayyana a fuskar kwamfuta lokacin da ake ɗora ta. Injiniya ya karanta ya ja tsaki. Ya ce layi huɗu ai raini ne, ko katin gayyata ya fi shi tsawo. Ya kulle kansa a ɗaki kwana biyu ya fito da nasa bayanin, shafi tara cif. Shafin farko tarihinsa ne da irin gwagwarmayar da ya sha kafin ya kai inda ya kai, na biyu nasiha ce ga ma'aikata a kan illar jahilci, sai a na uku aka fara maganar manhaja.

Ana gobe za a ɗora ya tara ma'aikata a ɗakin taro ya baje musu tsarinsa. Ya ce kaf duniya matsalar masu aiki da kwamfuta ɗaya ce, ba sa karanta bayani, kuma shi ne mutum na farko da zai kawo ƙarshen wannan cuta. Daga babbar kwamfutar ɗakinsa zai tura komai lokaci guda. Duk wanda ya kunna tasa da safe, bayanin zai cika masa fuska, ba ya rufuwa, ba ya matsawa gefe, sai mutum ya gangara har layin ƙarshe sannan ya latsa wani maɓalli da aka rubuta wa "Na karanta, na yarda." Sai an latsa shi manhaja za ta hau, kwamfuta ta buɗe. Ya ƙara da cewa duk wanda ya tsallake mataki ɗaya, shi yana gani daga ɗakinsa, kuma sunansa zai isa teburin Manaja kafin ya gama tsallakewar. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, amma ya faɗe ta yana zare ido, ta shiga mutane.

Sakatariyar kamfanin ce kaɗai ta ɗaga hannu. Gwaggo kowa ke kiranta, shekararta goma sha tara a wurin, kuma kafin Injiniya ya samo takardarsa mai ado ita ke lallaɓa kwamfutocin nan ba tare da an ba ta wani suna ba.

Ta ce, "Ɗana, ka gwada a kwamfuta ɗaya tukuna? Ko ta wajen akawunan fitar da kaya, tunda nasu tsofaffi ne."

Ya yi murmushin da ake yi wa marar lafiya. "Gwaggo, gwaji na masu shakka ne. Ke dai ki riƙe buga wasiƙunki, ki bar wa masu ilimin abin abinsu."

Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta mayar da tabaraunta.

Washegari ya zo da kwat a cikin zafin nan, ya tsaya a baranda hannu a baya yana jiran a fara yi masa barka. Ma'aikata suka kunna kwamfutoci, bayani ya cika fuska kamar yadda ya ce. Suka haɗiye tarihinsa, suka haɗiye nasiha, suka iso shafi na uku inda aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa mataki na ɗaya shi ne mutum ya kashe kwamfutarsa ya sake kunnawa kafin ya ci gaba. Tsoron teburin Manaja ya sa kowa ya kashe ya kunna. Kwamfuta na dawowa sai ga bayanin daga farko, da tarihi da nasiha, da mataki na ɗaya yana nan daram yana cewa a kashe a sake kunnawa.

Wajen ƙarfe tara ofishin ya cika da ƙarar kwamfutoci masu mutuwa suna farfaɗowa. Injiniya na jin ƙarar yana gyaɗa kai, a zatonsa aiki ne ke tafiya. Sai ga Mai Sito ya hauro bene yana haki. Dattijo ne mai bin doka, irin wanda in ka rubuta masa abu a takarda ya zama farilla.

Ya ce, "Injiniya, sau goma sha ɗaya ke nan na kashe na kunna. Sau nawa ne adadin? Ban ga inda ka rubuta ba."

"Sau ɗaya mana. Wa ya ce ka yi ta yi?"

"Takardarka. Duk dawowar da na yi ita ce ke cewa in kashe."

"To ka tsallake shi ka wuce mataki na biyu."

Mai Sito ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce jiya a gaban mutane aka ce wanda ya tsallake sunansa zai je gaba, shi kuwa shekara ashirin da biyu sunansa bai taɓa zuwa gaba ba, don haka in ana so ya tsallake a rubuta masa a sa hannu. Injiniya ya yagi takarda ya rubuta ya sa hannu. Masu jiran layi a bayansa suka ce su ma a rubuta musu. Haka mai kawo ƙarshen cutar duniya ya tsaya a baranda yana rubuta wa mutane izinin saɓa wa bayaninsa, gumi na bin wuyan kwat.

Yana cikin haka Manaja ya aiko a kira shi. Ya same shi zaune gaban kwamfuta, shi ma ya kashe ya kunna sau huɗu, fuskar nan a murtuke. Injiniya ya ɗan rusuna ya ce, Yallaɓai, ai matsalar sabis ce, sannan ya jero wasu kalmomin boko guda uku manya-manya da shi kansa bai san mahaɗinsu ba. Manaja ya gyaɗa kai a hankali irin na wanda ya gane, ya ce dama shi ma abin da ya yi zargi ke nan, a hanzarta. Injiniya ya fito yana gyara kwat, hancinsa ya koma inda yake.

Bai kai ƙarshen baranda ba kuka ya taso daga ƙasa. Akawunan fitar da kaya su huɗu sun gangara har shafi na tara, sun karanta layin ƙarshe inda Injiniya ya gode wa kansa, amma babu maɓalli. Fuskokin kwamfutocinsu ƙanana ne na da, shi kuwa a faffaɗar tasa ya auna komai, sai maɓallin ya faɗa can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ya iske ɗaya ya karkata fuskar kwamfutar yana leƙa ƙarƙashinta, wani ya sunkuya yana duba bayan tebur.

Ya daka musu tsawa ya ce su matsa, ƙauyanci kawai. Ya zauna ya ja linzamin kwamfutar ƙasa, ya ja, ya ƙara ja har linzamin ya faɗo daga tebur. Da ya ga babu mai kallonsa sosai shi ma ya ɗan karkata fuskar ya leƙa. Akawun da ya ture ya ce masa a hankali, ai sun duba nan, babu.

Ya ce ƙaramin abu ne, a ɗauko babban allon talabijin na ɗakin taro a jona. Mutum uku suka kinkimo shi daga bango, suka sauko da shi bene suna nishi, aka share tebur aka ɗora. Injiniya ya ɗauko waya zai jona, bakinta ya ƙi shiga, domin tsohuwar kwamfutar ba ta san irin wannan wayar ba. Ya juya ta, ya hura mata iska, ya danna da ƙarfi har wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya ajiye wayar a hankali ya ce dama gwaji yake yi, a mayar da allon.

Duk wannan abin, motoci goma sha huɗu na tsaye a harabar kamfani cike da kaya, kuma mota ba ta wuce ƙofa sai da takarda. Direbobi suka fara da hon ɗaya-ɗaya, daga baya suka haɗa baki. Can sai Babban Direba ya shigo, ƙato ne mai murya kamar ana jan ganga a kan siminti, ya tsaya a ƙofar har ɗakin ya yi duhu.

Ya ce, "Wane ne mai takardar da ba ta ƙarewa?"

Akawunan huɗu suka nuna Injiniya da baki.

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, fasaha ce, tana buƙatar haƙuri."

"Tun bakwai nake haƙuri. Ni tafiyar awa tara ce a gabana. Kai shafi tara ka kasa fita."

"Ranka ya daɗe, da ka san yadda abin yake a ciki..."

"Ban san ciki ba, na san waje. Waje akwai mutum goma sha uku da ke son ganinka, ni na ce su bari in fara zuwa."

Gwaggo ta sauko a daidai lokacin da kofin shayinta a hannu. Ita tun takwas da rabi ta tsallake matakin banzan, ta latsa maɓalli, tana ta aikinta. Ta ce a mayar da ɗan fayil ɗin masu manhaja mai layi huɗu, a rage girman akwatin bayanin yadda maɓalli zai fito, aikin minti biyar ne. Injiniya ya ce wannan shawara ce ta wanda bai yi kwas ba, shi yana da hanyarsa ta ƙwararru. Ya haye sama da sauri, ya kulle ƙofa, ya zauna yin abin da ta faɗa ɗin daidai.

Akwatin dai ya rage shi lafiya. Wajen fayil ne aka samu matsala, domin Injiniya mutum ne da ba ya share komai kuma ba ya raɗa wa abu sunan kirki. Akwai bayani, akwai bayani sabo, akwai bayani na ƙarshe, akwai na ƙarshen ƙarshe, akwai wani wai shi bayanin ma'aikata. Hon na tashi a waje, ana buga masa ƙofa. Ya duba wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu, ya ce wannan ne mai layi huɗun, ya tura wa kwamfutoci talatin da biyar ɗin da suka rage ba tare da ya buɗe ba.

Da a ce ya tsaya nan da sauƙi. Amma bakin nan nasa ba ya iya zama. Ya fito baranda ya tafa hannu ya ce kowa ya kashe ya kunna sau ɗaya tak, ya shirya musu sabon bayani gajere daidai da ƙwaƙwalwarsu. Don kada a ce shawarar Gwaggo ya bi, ya ƙara da cewa kowace kalma a ciki shi ya rubuta ta da hannunsa, kuma yana nan tsaye a kanta har gaban kowa.

Ashe bayanin ma'aikatan nan ba na manhaja ba ne. A kwas ɗinsa an ce musu shugaba na gari yana sanin mutanensa, shi ne ya buɗe fayil yana rubuta yadda zai riƙa bi da kowa, don amfanin kansa.

Kwamfutoci suka dawo. Ofis ya yi tsit, har masu hon suka ji a jikinsu suka dakata. Injiniya ya ɗauka shirun girmamawa ne, ya soma saukowa bene a hankali yana jiran tafi. A tsakiyar benen ya ji muryar wani akawu yana karantawa a fili, a hankali, irin karatun mai son kowa ya ji.

"Akawunan ƙasa: kai huɗu, ƙwaƙwalwa ɗaya, ita ma ta aro. In sun kira a bar su su jira awa guda don su san darajar mutum."

Ƙafar Injiniya ta tsaya a iska. Wani akawun ya karɓa ya ce saura, ga na Mai Sito. An rubuta cewa duk abin da ke kan takarda zai aikata, ko da cewa aka yi ya shiga kwali a rufe, don haka in ya dame ka ka ba shi abin dannawa ya yi ta yi. Na Babban Direba ya biyo baya, wai ƙarar ce kawai babu komai a ciki, a ce masa ranka ya daɗe sau biyu zai manta abin da ya kawo shi. Babban Direba ya tsaya yana lissafi da yatsu, ya ga lallai sau biyun aka ce masa ɗazu, ya cire hularsa ya ba wani ya riƙe masa.

Injiniya ya juya zai koma sama ya goge, sai ya tarar Mai Sito ya tsaya a saman benen. Ya juyo ƙasa, Babban Direba ya tare. Ya yi tsuru-tsuru a tsakiya, ya ce ai wannan ƙwayar cuta ce ta shiga na'ura, maƙiya ne suka turo.

Mai Sito ya ce, "Yanzun nan ka ce da hannunka ka rubuta, kana tsaye a kai. Ga ka nan kuwa a tsaye."

Dariya ta ɓarke daga sama har ƙasa, kowa na dariyar na wani yana cin magani a kan nasa. Maɓallin kuwa yanzu ya fito sarai a kowace kwamfuta, amma babu mai taɓa shi. Akawunan suka ce karantawa dai sun karanta, yarda ce ba su yi ba, kuma babu wanda zai sa su latsa cewa ƙwaƙwalwarsu ta aro ce. Mai Sito ya ce shi ko za a sallame shi ba zai sa hannu a kan wannan ba. Direbobin da ke waje suka ji labari suka shigo kallo, har maigadi ya bar ƙofa ya zo yana tambaya ko da nasa a ciki.

Ana cikin haka ƙofar ofishin Manaja ta buɗe. Ya sauko a hankali, mutane na darewa, ya wuce Injiniya a bene bai dube shi ba. Ya isa teburin akawu na farko, ya ce a ba shi kujera, ya zauna. Ya ce a kawo masa mijin ƙanwarsa kusa. Babban Direba ya kawo shi, bai ma bari ƙafarsa ta wahala sosai ba.

Manaja ya nuna wani layi da yatsa ya ce ya karanta. Injiniya ya ce idonsa na ɗan yi masa ciwo tun safe. Manaja ya ce babu komai, shi nasa lafiya lau, ya karanta da kansa: "Yaya bai san komai a kwamfuta ba, kuma yana tsoron a gane. In ya tambaya a ce sabis ne, a ƙara da manyan kalmomi uku, zai gyaɗa kai ya tafi."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya, sai wani direba a baya da ta kufce masa ya mayar da ita tari.

"Yaya, wallahi raha ce kawai..."

"A nan ba Yaya ba ne. Kuma ba ƙarya ka yi ba, na gyaɗa." Ya gangara ƙasa kaɗan. "Saura layi ɗaya. Tunda dokarka ce sai an kai ƙarshe, bari mu kai."

Injiniya ya san abin da ke layin ƙarshen. Ya ce Yallaɓai wannan ba shi da muhimmanci, a bari ya je ya cire fayil ɗin gaba ɗaya, motoci na jira. Manaja ya ce motocin da suka jira awa biyar za su iya ƙara minti ɗaya. Ya gyara zama ya karanta a fili.

"Gwaggo: ta fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba. Duk abin da ta faɗa a ƙi a gaban mutane, a je a yi a ɓoye. Kada a bari ta keɓe da Yaya kafin wata ukun su cika."

Gwaggo na tsaye a gefe, ta kurɓi shayinta.

Manaja ya ɗan jima yana kallon layin. Sannan ya ce wata uku yana neman wanda zai gaya masa gaskiya a kan wanda ya dace da sashen nan, ashe rahoton na nan a rubuce, kuma daga hannun ƙwararre. Ya kama linzami, ya kai kan maɓallin, ya latsa. Akwatin ya ɓace, manhaja ta soma hawa, jim kaɗan firinta ta yi kuka ta turo takardar motar farko. Babban Direba ya karɓi hularsa ya fizgi takardar ya fita yana kiran yaran motarsa. Da akawunan suka ga mai gida ya latsa a kan nasa zagin, su ma suka latsa suna ƙunƙuni.

Injiniya ya yi ta maza ya gyara murya. Ya ce duk da haka Yallaɓai zai shaida cewa yau kowa ya karanta bayani har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba.

Manaja ya buɗe tafin hannunsa ya miƙa, ya bar shi a buɗe. Injiniya ya dubi hannun, ya dubi mutane, ya laluba aljihun kwat ya ciro makullin ɗakin kwamfutoci ya ɗora a kai. Manaja ya tashi ya miƙa wa Gwaggo ta saman kan Injiniya, ya juya zai hau sama, sai ya tsaya a matakalar farko.

Ya ce, "Ni ba zan kira ƙanwata ba. Kai za ka je ka gaya mata da bakinka, kuma in ta tambayi dalili kada ka ce sabis."

Mai Sito ya matso kusa da Injiniya, ya dubi kwat ɗin da gumi ya jiƙa, ya ce akwai tirela biyu da za a sauke kafin a tashi, gara ya tuɓe ta tun yanzu.